Fasfon Tsohuwa a Hannun Amarya 'Yar Sin

'Ya'yana, kafin a san ni da abin da zan faɗa muku, ni mai waina ce. A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda nake da tanda, bakin wani lungu da alhazanmu ke bi idan sun sauka daga jirgin ruwa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, amma ba mu taɓa rasa abin sa wa a baki ba. Wannan nake so ku fara riƙewa, don kada wani ya ce talauci ne ya tura ni. Ko alif ban sani ba a lokacin. Abin da nake da shi haƙuri ne da sanyin murya, mutane kuwa suna saurin yarda da mai sanyin murya.

Saboda yardar nan, idan wata hajiya ta rasu ba ta da kowa, ni ake kira in yi mata wanka. Wata shekara na wanke wata tsohuwa, na tarar da fasfonta ƙulle a bakin zane. Na jefa shi cikin kwalla, da niyyar in kai wa shugaban ayarinsu. Kafin in kai, sai ga wata tsohuwar tana kuka, nata ya ɓace a Mina, jirginsu kuma saura kwana biyu. Na dubi hoton, na dube ta. Tsohuwa cikin mayafi ai tsohuwa ce. Na miƙa mata, ta wuce lafiya, ta bar mini turmin atamfa.

Ran nan na ce wa raina taimako na yi. Karo na biyu ni na yanka abin da za a ba ni. Daga nan na fara zuwa gidan rasuwa tun ba a aiko ba, hannuna a kan mamaciya, idona a kan ƙullin kayanta. In 'yan ayari sun tambaya, in ce ban gani ba, in bi da "Allah ya jiƙan ta." A duk abin da na aikata, wannan ne har yau nake jin nauyinsa.

Ana nan sai Ɗanjuma ya zo. Tela ne, mutumin Katsina, yana ɗinkin jallabiya a unguwar Sa'alaba. Ya auri Amina, 'yar wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar Sin, mai jan taliya da hannu kusa da tandata. Dattijon ya zo hajji da ita tana goye, sai mulki ya canza a ƙasarsu, takardunsa suka daina aiki, ya zauna. Amina ta tashi a Jidda, Larabci a bakinta kamar ruwa, amma ba ta da takardar kanta, sai sunanta da ke maƙale a iƙamar ubanta, wato takardar izinin zama.

Mahaifiyar Ɗanjuma ta aiko cewa ƙarfinta ya ƙare, tana so ta gan shi da amaryarsa. Ya je ofishin jakadanci, aka ce ya kawo takardar aure daga alƙali, da shaidu biyu, da hotuna, da wasiƙar gida, Amina kuma ta nemi takardar tafiya, sannan ya jira biza.

Ya zauna a kan bencina ya ce, "Gwaggo, shi jiran nan wata nawa ne?"

Na ce, "Jiran ofis ba shi da wata, ɗana. Kawo mini hotonta, jirgin Asabar ba zai bar ku ba."

Amina, da ke tsaye gefensa, ta buɗe fuska ta ce, "Khala," wato gwaggo a Larabce, "dube ni da kyau. Wa zai yarda daga Katsina na fito?"

Na ce, "Ba ki ga Buzaye ba? Ba ki ga Fulani ba? Allah ya yi mu iri-iri. Ke dai ki ja lulluɓi ki yi ƙasa da ido."

Ubanta yana jin mu, yana ta jan taliyarsa. Bai ɗago ba ya ce, cikin Larabcinsa mai gargada, taliyar da aka ja da gaggawa tsinkewa take yi. Na yi dariya, na ce tsoho ya san fulawa, bai san takarda ba.

Duk aikina na baya, tsohuwa nake ba wa na tsohuwa, ban taɓa cire hoto ba. Wannan karon na zaɓi fasfon da ya fi tsabta, na ɗaga hoton mamaciyar, na liƙa na Amina da ƙaro. Ya yi kyau ƙwarai, har na yaba wa kaina. Rubutun da ke gefe kuwa na ɗauka ado ne, irin zanen bakin tasa. Ɗanjuma yana karanta Alƙur'ani, amma boko da ni da shi duk ɗaya. Kwana huɗu na yi ina koya wa Amina gaisuwa. In ce, "Ina gajiya?" ta durƙusa ta ce, "Ba gajiya." Ladabinta ya fi na 'yan Katsinan gaske.

Ranar Asabar da hantsi na raka su bakin jirgi, da ƙullin waina na guzuri. Na tsaya gefe ina kallo. Jami'in ya buɗe fasfon, ya daɗe yana dubawa, ya kira tafintansa, wani Bahaushe mai gemu. Aka tambayi Amina shekarunta, ta ce ashirin, don ban koya mata wannan ƙaryar ba.

Tafinta ya ce, "Hajiya, nan an rubuta sittin da biyar. Lallai zamzam ya karɓe ki." Ya sake duba takardar. "An kuma ce kina da tsage uku-uku a kowane kunci. A wace jaka kika sa su?"

Aka kira wata mata ta ɗaga mata lulluɓi. Kunci sumul kamar ƙwai. Amina ta rasa abin yi, ta durƙusa ta ce, "Ba gajiya." Layin alhazai gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har jami'in ya juya baya yana gyara hula.

Da ya juyo babu dariya. Ya ce za a sa Ɗanjuma a jirgin shi kaɗai, kada ya sake dawowa, ita kuma a tsare ta har ta faɗi wanda ya ba ta. Yarinyar da ba ta da ƙasar da za a mai da ita, ga miji za a raba ta da shi. Ya tambaye ta sau uku, ta ƙi faɗin sunana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na sulale. Har na kai ƙofa, wainar tana hannuna. Na waiga, na gan ta a durƙushe, kanta a ƙasa, ga ni yatsa ɗaya ya isa ya nuna ni, ta ƙi ɗagawa. Na dawo na ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, ni ce. Yarinyar nan ba ta san abin da aka rubuta a ciki ba. Ni ma ban sani ba."

Ya ce, "Wannan kam na gani. Yalla, mu je."

Aka tarar da sauran fasfuna a kwallata. Alƙali ya ja wa Ɗanjuma da Amina kunne ya sake su, ni kuma aka ɗaure ni shekara ɗaya da rabi. Kurkuku ba wurin zuwa ba ne. Zafi, kwarkwata, da tunanin yara. Amma wadda na kusa raba da mijinta, ita ta kwashe yarana ta kai gidansu. Kowace Juma'a sai ta kawo mini taliya, ta ce, "Khala, ina gajiya?" Dole in ce babu.

Ita da Ɗanjuma suka koma suka bi layin ofishin da na raina. Wata bakwai ya ɗauke su. Ran da takardar ta fito, ta ɗaga mini ita ta tagar ziyara ta ce, "Ga sunana, ga shekaruna, ga kuncina." Allah ya sa suka iske tsohuwar Ɗanjuma da rai, amma wata biyu kawai ta ƙara a duniya. Ashe an fara karɓar takardunsa tun farko, rikicin da na jawo ne ya mai da su baya. Da ban sa hannu ba, da ta daɗe tana ganin surukarta.

Da wa'adina ya cika, aka haɗa ni da yarana, waɗanda dattijon ya riƙe bayan tafiyar 'yarsa, aka sa mu a jirgi zuwa gida. Tafiyar da nake sayar wa mutane, ni kyauta aka ba ni. A Zariya na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna. Na tuba, ina kuma yi wa matan nan da na ɗauki takardunsu addu'a ɗaya bayan ɗaya, don ba ni da hanyar neman gafararsu.

Amina tana Katsina, 'ya'yanta shida, Hausarta ta fi tawa. Sallar da ta wuce ta zo gaishe ni, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, kin ga har yau ban kai shekarun da kika ba ni ba."

To, 'ya'yana, ku ji daga bakin wadda ta gwada. Abin da ba naku ba, ko mamaci ne mai shi, ku mayar. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. In ofis ya ce ku jira, ku sami inuwa ku zauna. Mai sanyin muryar da zai ce muku jirgin Asabar ba zai bar ku ba, ku gaishe shi ku wuce. Ni ce shi a da.