Ranar da na goge saƙon kawuna

Akwai minti arba'in a rayuwata da ba zan taɓa mantawa da su ba. Laraba ce a watan Sha'aban, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, muna tsakar gida a Ƙofar Ruwa, ni da mahaifiyata da wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya.

A lokacin ni ce admin, wato mai riƙon zauren danginmu na waya, inda ake sanar da biki da suna da rasuwa. Sun ba ni ne don na yi shekaru a ɗakin labarai na rediyo, wai na san abin faɗa.

Wayata ta yi ƙara. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, dattijon da ba a musu da shi. Ya rubuta a zauren cewa wani ɗan'uwanmu mai fataucin shanu ya rasu a hatsarin mota, jana'iza bayan la'asar. Ya haɗa da hoton motar a dagargaje.

Na yi salati. Sai na tuna matar mamacin, Hajiya, tana cikin zauren. Tana fama da hawan jini, kuma waya ba ta barin hannunta; ita ke fara cewa amin ga kowane saƙo. Na duba waɗanda suka karanta. Mutum tara ne, babu ita.

A rediyo an koya mana abu ɗaya tun makon farko: ba a faɗin sunan mamaci sai iyalinsa sun ji. Na goge saƙon, na kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai ni.

Ba a yi minti biyu ba kawu ya kira.

"Ke, wa ya share min sanarwa?"

"Ni ce, Kawu. Hajiya ba ta ji ba tukuna."

"To yau rediyon ya biyo mu har gida? Gawa ba ta jira! So kike a binne shi da mutum goma?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi damuna. Kowa yana son jama'a su cika sahu a kan ɗan'uwansa, ga lokaci yana tafiya. Mahaifiyata ma ta ce, "'Yar nan, yayana ne fa. Buɗe masa."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. A ba ni kafin azahar. In mutane suka yi kaɗan, laifin a kaina."

Ya kashe wayar ba sallama.

Na tari Keke Napep na sa mahaifiyata da maƙwabciyar a ciki, su je Dala su zauna da Hajiya, su faɗa mata yadda aka saba, a hankali, da addu'a. Ni kuma na bi mutum taran nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kada su kira ta yin gaisuwa. Ɗaya ta ce da ma yanzu take neman lambar.

Ƙarfe sha biyu saura biyar mahaifiyata ta kira. Ta ce Hajiya ta ji, tana kuka, amma tana zaune, an riƙe ta. Na buɗe zauren, na maido da sanarwar kalma da kalma da sunan kawu a ƙasa, ban da hoton. Layi ya cika a jana'izar har bakin titi.

Abin da na koya shi ne, labari yana iya zama gaskiya, mai kawo shi yana neman lada, amma duk da haka akwai wanda ya cancanci ya riga kowa ji, kuma daga bakin mutum. Wanda aka ba riƙon zaure, tsare wannan mutumin yana cikin aikinsa, ko da babba zai ɓata wa.

Kawu bai amsa gaisuwata ba sai bayan sadakar bakwai. Daga baya muka kafe doka a saman zauren: ba sanarwar rasuwa sai masu gida sun ji, ba hoton hatsari. Bara da aka yi wata rasuwa, shi ya fara kirana, ya ce, "An faɗa musu. Sai ki sa."