Tuwo a Nan, Miya a Can

Dikko bai iya zama ba. Tun da ya bar aikin soja ya dawo Badafi, ko shayi a tsaye yake sha. Ni da muka taso tare na san a da ba haka yake ba. Ƙasar Saliyo ce ta canza shi, inda aka tura su kwantar da yaƙi. Ya taɓa gaya mini ya yi gadin layin zaɓe a can, ya ga wanda 'yan tawaye suka sare wa hannuwa ya dangwala ƙuri'a da yatsan ƙafa, ga tsofaffin 'yan tawayen a layi ɗaya da shi.

A unguwarmu ciyayya muke yi bayan magariba, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗu a tabarma ɗaya. Sai zaɓen kansila ya zo, ƙannen Dikko biyu, Ja'afar da Mujitaba, kowa ya bi jam'iyyarsa. Aka yi zage-zage, aka yi jifa, har aka fasa wa Ja'afar kai. Tabarma ta zama biyu, ko gaisawa ba a yi.

Dikko ya yi lallashi har ya gaji. Sai ya koma ajiye tuwonsa a tabarmar Ja'afar, miyar kuma a ta Mujitaba. Ya gutsuri loma a nan, ya taka can ya tsoma, ya dawo.

Mujitaba ya ce, "Yaya, Saliyo ta taɓa maka kai ne?"

"Ta taɓa. Kai kuma wanda ya taɓa naka ko sunanka bai sani ba."

Haka ya yi ta safa da marwa har damina ta zagayo. Hawan jini ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa, ƙannen nan ba su shirya ba.

Ranar sadakar uku matarsa Laraba ta miƙo mini kwanuka biyu ta zaure. "Malam Sani, kai musu yadda ya saba."

Na kai. Ba wanda ya taɓa, har tuwon ya fara hucewa.

Can Ja'afar ya ce, "Mujitaba, kawo miyar nan, kada abincin Yaya ya lalace."

"Kai ka kawo tuwon."

Sai ga su duka a tsaye, kowa da kwano. Suka haɗu a tsakiya, kan 'yar hanyar da sawun Dikko ya fitar, suka tsuguna a ƙasa ba tabarma.

Ni dai na kasa ci. Allah ya jiƙanka Dikko, abokina, ya ba ka wurin da za ka zauna ka huta.