Zambon da Na Yi wa Dagacinmu

A shekarun da nake aikin tsince dabino a wani lambu a unguwar Ƙuba ta Madina, abokiyar aikina wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin, Musulma, wadda yaƙi ya koro tun tana amarya. Larabcinmu duka gurgu ne, amma muna gane juna. In hannu ya gaji sai ta kama rera waƙoƙin ƙasarsu na dā, tana fassara mini. Yawanci a kan sarakuna ne. Mawaƙi zai wanke sarki tas, ya ce yana can yana shan kiɗa talakawa na cin ganye, amma can ƙarshe, bayan mulki ya kuɓuce, sai ya koma tausayinsa: tsoho shi kaɗai a ɗaki, ba mai miƙo masa ruwa.

Abin haushi yake ba ni. Na ce, "Haba ya Hajja, wannan ai munafunci ne! Ko a zage shi ko a yabe shi." Ta ce a wurinsu wanda ya tsaya a zagi rabin waƙa ya yi.

Ba ta san da wa take magana ba. Ina budurwa a ƙauyenmu dagaci ya ƙwace gonar babana. A bakin turmi na haɗa masa zambo, na taɓa tumbinsa, na taɓa rawaninsa mai kama da gammo. Kafin kaka yara na rera shi a kasuwa. Ranar da aka tuɓe shi, da waƙata aka raka shi har bayan gari. Na yi guɗa, wallahi.

Kwatsam sai aka ce mini akwai wani makaho ɗan garinmu a masaukin gajiyayyu na unguwar Bani Harisa, ya zo jiran ajali a Madina. Ashe dagacin ne. Sati biyu ina juya abin a raina, ina tsoron ɗayanmu ya mutu ba mu yafi juna ba. Na dama kunu na hau bas.

Na same shi a kan tabarma, ya rame kamar kara. Na ce ni ce 'yar mai gonar bakin rafi.

Ya ce, "Ke ce mai waƙar."

"Ranka ya daɗe, gafara na zo nema."

"Rera mini, 'yata. Masu yabona duk sun mutu. A waƙarki kaɗai nake dagaci yanzu."

Na rera ina kuka. Yana buga gwiwa da yatsa, har ya gyara mini baitin da na manta. Maganar yafiya bai taɓa ta ba, ya dai ce in dawo ran Juma'a. A bas na fara haɗa ɗaya rabin, na tausayin.

Ran Juma'a na tarar an naɗe tabarmarsa.

Rabin nan ya ɓace mini tuntuni. Zambon ne bai tafi ba. Har yau in na ɗaga taɓarya sai ya zo, da muryarsa yana gyara mini baiti.