Gwaggon Ɗakin Gwaji da Makullan Mai Sito

Bakwai saura kwata take isowa, kafin masu shara su gama. Ta rataye jaka bayan ƙofa, ta sa farar riga da safar hannu, ta kunna fankar da ke zuƙe warin sinadari. Gwaggo kowa ke ce mata, har manaja. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin da ake gwada magani kafin a sake shi kasuwa, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Ni direban wurin ne, ban iya yabon banza ba. Abin da aka gani zan faɗa.

Aikinta haɗa ruwan da na'urar gwaji ke sha: tataccen ruwa da wani sinadari wai shi asetonaitiril, garau kamar ruwan, amma guba ne. Wannan haɗi ke tura magani ta cikin na'ura har ya bayyana a allo, kowane magani da lokacin fitowarsa. Gwaggo takan auna ruwa mililita ɗari shida a ma'auni ɗaya, sinadari ɗari huɗu a wani, sannan ta juye su wuri guda. Nan take kwalbar ta ɗauki sanyi, ƙananan kumfa su taso. Ba ta kai wa na'ura sai sanyin ya saki. Masu gaggawa su yi ta leƙe, ita ko a jikinta.

Ta taɓa yi mana bayani. Ta ce ƙwayoyin ruwa riƙe suke da hannun juna, baƙon kuma, wato sinadarin, sai ya ɓamɓare wasu kafin ya samu wuri, abin da ke shanye zafin ke nan. Ko da ido ya ga sun haɗe, a ciki kowa na raɓe da danginsa, kamar 'yan haya: ƙofar gida ɗaya, tukunya kowa da tasa.

Bara 'yarta ta haihu ta hanyar tiyata, Gwaggo ta ɗauki hutun sati biyu. Shugaban sashe, wanda muke kira Dakta, ya ce haɗa ruwa ai ba aiki ba ne, shi zai yi. Sau uku ana gwaji magani na fitowa ba a lokacinsa ba. Dakta ya ce an sirka sinadarin da ruwa, an sayar da sauran. Wa ke ajiye kwalaben? Mai sito, uban 'ya'ya shida, wanda ya shekara goma sha tara ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba. A gaban kowa aka karɓe makullansa, aka ce ya zauna gida, ranar Litinin kwamiti zai yanke masa hukunci.

Labari ya kai wa Gwaggo, ran Juma'a sai ga ta. Ta tambayi Dakta yadda ya yi haɗin. Ya ce ya zuba ruwa ɗari shida, ya ƙarasa da sinadari har layin lita ɗaya, meye a ciki? Ba ta yi musu ba. Ta sa aka kira manaja, ta ɗauko kwalbar da ake zargi, ta auna kowanne daban, ta juye. Haɗin ya tsaya ƙasa da layi, wajen mililita ashirin. Idan biyun nan sun haɗu matsewa suke yi, ɗari shida da ɗari huɗu ba sa ba da dubu.

Ta ɗora yatsa a gurbin. "Dakta, nan da me ka cike?"

Dakta ya sunkuya ya duba layin.

"Da sinadari ka cike, ɗana. Ka ƙara masa ƙarfi, shi ya sa maganin ke riga lokacinsa. Da a ce da ruwa aka sirka, jinkiri zai yi, ba sauri ba."

Aka jira sanyi ya saki, aka ɗora wa na'ura, magani ya fito daidai. Dakta ya ce ɗan kuskure ne, za a aika wa mai sito saƙo. Gwaggo ta ce a gaban mutane aka karɓi makullai, a gaban mutane za a mayar, kuma wanda ya yi zargi shi zai je ya ɗauko mutumin.

Ni na tuƙa Dakta. A gida matar mai sito ta ce ai maigida ya tafi aiki tun safe. A tashar mota muka same shi kan benci, sanye da rigar aiki. Kwana huɗu yana fita haka don kada iyalinsa su sani. Muka dawo da shi, aka mayar masa da makullansa a gaban kowa. Yanzu ya faɗa musu da bakinsa, shi ne ma ya ce in rubuta wannan.

Gwaggo, ke ce ba ki da digiri, amma masu digiri ke jiran kwalbarki. Ke ce kika bar 'ya da ɗinki a ciki don mutumin da ba ku haɗa komai ba sai gaisuwar safe. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai lafiya.

Ku da za ku gaji ɗakin nan, ku auna kowane abu shi kaɗai, kuma ku duba hannunku kafin ku nuna wani. 'Ya'yan mai sito shida ba su taɓa jin an kira ubansu ɓarawo a unguwa ba. Aikin Gwaggo ne.