Lasifikar Kawu da Zakaran Inna

Ni ne golan ƙungiyar tamaula ta unguwarmu a Funtua, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. In za a bi ta bakin kawuna, ba a taɓa yin gola mai karamci irina ba, don duk ƙwallon da ta zo baƙunta sai na ba ta hanya ta shige. Ba kuwa a zaure ya faɗi haka ba, balle in ce tsakaninmu ne. A lasifika ya faɗa, rabin gari yana ji.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa duba auduga a fuloti, inda manoma ke kawo ta a saya. Manomi zai sauke ƙunshinsa, ya shimfiɗa farar a sama, ya koma gefe yana murmushi. Kawu ba ya ko kallon ta saman. Sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya zaƙulo ta can ƙasa mai ganye da tsakuwa, ya ce lamba ɗaya, ko biyu, ko uku. In ya faɗa ya faɗa ke nan. Surukinsa ma ya taɓa ba shi lamba uku a gaban jama'a, aka yi wata biyu ba a aiko masa da fura daga gidan ba.

Abin bayanin wasa kuwa a shagon baban kyaftin ɗinmu ya ɗauko shi. Mutumin Bayarabe ne mai sayar da kayan keke, yana da rediyo, kyaftin kuma a Funtua aka haife shi, ya fi mu iya zagi da Hausa. Can Kawu ke zama ya saurari masu bayanin wasa, yana tsaki. Ya ce in nasu ya faɗi sai su ce ƙasa ce ke da santsi. Wata rana sai ga shi a fili da lasifikar da malaman gona ke yawo da ita suna sanarwar iri da taki, ya aro ta da batir ɗinta. Ya ɗaure ta a reshen dogon yaro, bakinta na fuskantar katangar gidanmu, ya zauna kan benci ya gyara murya.

Mun yi murna, mun ɗauka namu ya samu. Ba a yi minti goma ba murnar ta koma ciki.

"Jama'a, ɗan bayanmu ya ɗauko ta, yana gudu, yana gudu. To, ya wuce ya bar ta a baya. Wani ya gaya mashi."

Can kyaftin ya ɗirka wata ta yi sama. Kawu ya ce, "Kyaftin ya buga! Masu shanyar barkono a bayan fili, ku kauce."

Ni kuwa maganata ɗaya ce kullum. "Golanmu, ɗan yayata, ya rufe ido. Ban sani ba ko addu'a yake. Biyu ke nan."

In aka hura usur na tashi sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu lamba kamar auduga. Baƙi sukan samu lamba ɗaya, babu ko kunya. Kyaftin ya taɓa samun biyu, ya yi mako yana tafiya da ƙyar don taƙama. Ni lamba uku ce tawa, rani biyu cur, har ta zame mini suna.

Da a fili abin ya tsaya da na jure. Amma katanga ɗaya ce tsakanin fili da tsakar gidanmu. Inna ba ta taɓa ganin tamaula da idonta ba, sai dai duk ranar wasa matan unguwa ke taruwa wurinta bayan la'asar, kowace da ƙwaryar gyaɗarta tana ɓara, suna sauraro. Lasifikar Kawu ita ce rediyonsu. In na shigo sai su haɗa baki, "Sannu da zuwa, lamba uku." Inna ba ta dariya, sai ta sunkuyar da kai kan gyaɗarta. Tana da wani jan zakara da ta yi alkawarin za a yanka ranar da ƙanenta ya ba ni lamba ɗaya. Ban taɓa ganin zakara mai kwanciyar hankali irin wannan ba. In na wuce ko matsawa ba ya yi.

Babanmu ya rasu ina ƙarami, ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce ta ji an yabe ni sau ɗaya ba, a gaban matan nan, ta ɗaga kanta daga ƙwarya. Kuma a ganina Kawu ne ya tsare hanya. Rufe idon da yake faɗa ma ban yarda ba. Ni dai na san ina kallon ƙwallo ta taso, sai kuma in ji ana ihu.

Da aka ce 'yan Malumfashi za su zo, ni na zuga sauran. Na ce ta yaya mutum zai yi wasa ana yi masa tonon silili daga kan bishiya? Muka ɗunguma wurin Kawu, kyaftin ya roƙe shi ya bar mana lasifikar, ni ina bayansa ina kallon ƙafata. Kawu ya saurara har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"To," ya ce. "Ga ta nan, ga batir. Jar waya a nan, baƙa a nan. Kar ku bari rana ta doke shi."

Muka samo wani sanƙira mai yi wa 'yan dambe kirari, mutum mai murya kamar an buga ganga, muka cika masa aljihu da goro. Bai san komai game da tamaula ba, amma ya ce wannan ba matsala ba ce, a dai nuna masa namu. Inna kuwa na ce mata Kawu mura yake yi.

'Yan Malumfashi suka sauko daga bayan babbar mota, dogaye, cinyoyi kamar turmi. Ba a daɗe da farawa ba suka zura ta farko. Ba mu da raga a lokacin, sanda uku ce kawai, don haka in ta shiga ni ke bin ta da gudu har cikin karan dawa in ɗauko. Ina cikin kara na ji lasifika ta ɗauka.

"Ga katangar Funtua! Ga ƙofar da ba ta buɗuwa! Ku dubi gudu wurin ɗan Inna, ya kore ta har daji!"

Mutanen Malumfashi da suka biyo motar suna ta ihu. Sai kuma daga bayan katanga aka rangaɗa guɗa. Ko cikin mata ɗari na san guɗar Inna.

Suka ƙara ta biyu. Sanƙira ya ce na faɗi ƙasa ne don in gwada ƙarfinta. Guɗa. Ta uku, guɗa. A ta huɗu ɗan wasan da ya ci ya tsaya yana waige-waige, sa'an nan ya juya wajen katangarmu ya ɗaga hannu yana godiya. Kyaftin ya ruga wurin sanƙira ya ce don Allah ya faɗi gaskiya ko ya yi shiru. Sanƙira ya sanar wa jama'a cewa ga babban gwarzo ya zo gaishe shi. Bakwai suka ci mu, ba mu rama ko ɗaya ba.

Tun daga ƙofar gida na ga jan gashin zakara a warwatse, ƙamshin suya ya cika zaure. Inna ta tare ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta riga ta aika wa gidaje uku nasu rabon. Ta ajiye mini kwano ta zauna gabana.

"Nawa ne? Na ƙirga bakwai."

"Bakwai ne, Inna."

"Alhamdu lillahi."

"Mu aka ci, Inna."

Ta dube ni, ta dubi kwano. Sai ta sa hannu ta janye shi a hankali ta rufe da faifai.

"Kana nufin guɗa bakwai na yi wa 'yan Malumfashi? A gidana? Da zakarana?"

Na ce haka ne. Ta tambayi murar Kawu, na faɗi gaskiya, don ƙaryar ta ƙare mini. Ba ta zage ni ba. Ta ce shekara biyu tana jin abin da ba ta so daga lasifikar nan, amma ba ta taɓa jin kunyar matan unguwa ba sai yau. Ta ce yanzu da wane ido za ta fita suna. Na tashi zan shige ɗaki, sai ta kira ni. Ina juyowa na ga abu ya taso daga hannunta. Abin da na sani kawai shi ne na ji ƙwas a goshina, goruba ta faɗi tana birgima.

"Ashe gaskiyar kawunka," in ji ta. "Rufe ido kake."

Washegari ta tura ni fuloti. Na bi layin manoma kamar mai auduga, Kawu yana gani na yana yi kamar bai gan ni ba, sai da ya sallami kowa. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya daɗe yana cire audugar da ta maƙale masa a gashin hannu.

"Kana tsammanin daɗi nake ji?" ya ce. "Na san Yaya na bayan katangar nan. Amma in na ce ma manomi lamba ɗaya alhali uku ce, baɗi ma irinta zai kawo mani. Tashi. Ina batir ɗin? Halan kun bar shi a rana."

A rana muka bar shi kuwa.

Daminar nan gaba ɗaya ban sha ruwa cikin natsuwa a gidanmu ba. Inna ta ajiye ƙwaryar goruba kusa da murhu. Ina fitowa daga wanka, goruba. Ina ɗaura takalmi, goruba. Na dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, goruba. Goshina ya yi ƙulu-ƙulu har abokai suna tambaya ko zuma na je sha. Kafin a fara girbin dawa sai na ga ina cafewa, wata rana ma na cafe biyu a jere na cinye su a gabanta. Kawu ya dawo kan bencinsa, ya ɗaga ni zuwa lamba biyu, ya kuma gaya wa gari cewa da ƙyar na haye.

Rani na gaba 'yan Malumfashi suka sake zuwa, har mai ɗaga hannun nan ya tambaya ko matar nan mai guɗa tana nan lafiya. Muka dage. Kawu yana ta aikinsa, ya ce ɗan gabanmu yana gudun ƙwallo kamar za ta cije shi, ya ce kyaftin ya yi ƙiba. Har wasa ya kusa tashi babu wanda ya ci wani. Sai ɗan bayanmu ya sa hannu ya tare ƙwallo a gaban gida, rafali ya ba su fanariti.

"Gaskiyar rafali," in ji Kawu. "Daga nan ma na gani."

Mai ɗaga hannu ne ya zo bugawa. Ya ja da baya, ya taho. Na ga ƙafarsa, na ga ƙwallon ta taso hagu, na ga har ɗinkin jikinta. Na yi tsalle na rungume ta, muka faɗi tare.

Fili ya kaure, amma lasifika shiru. Can sai muryar Kawu ta fito.

"Idonsa biyu. Jama'a, wallahi idonsa biyu, na gani. Lamba ɗaya." Ya yi tari. "Yaya, in kina ji na, a yanka zakara."

Guɗa ɗaya ta taso daga bayan katanga, doguwa, har ta sarƙe a ƙarshe. Na wurga ƙwallo gaba na juya ina kallon katangar nan, na ɗaga hannu biyu kamar Inna na iya gani na. Ban san ɗan bayanmu ya maido mini ƙwallo ba. A hankali ta gangaro, ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ta nufi karan dawa.

Kawu ya yi ajiyar zuciya a cikin lasifika, duk gari ya ji.

"Yaya, in ba a riga an yanka ba, a dakata."

Ɗaya da babu aka tashi. Na daɗe a fili kafin in iya nufar gida. A ƙofa na tarar da farin gashi, na ɗan da jan zakaran nan ya bari ne, wanda Inna ta raina a madadinsa. Ashe tun la'asar ta sa wani tsoho maƙwabcinmu ya wasa wuƙa ya zauna a zaure, tun kafin a fara wasa. Wannan ne ya karya mini zuciya fiye da ƙwallon. Matan unguwa suna nan ba su watse ba, Inna na tsakiyarsu, kanta a ɗage.

"Inna, Kawu ya ce a dakata."

"Na ji. Na ji ta farko, na ji ta biyu. Bakin da ya faɗi ta biyun shi ya faɗi ta farko, kuma bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Bayan magariba Kawu ya shigo da lasifika a hammata, ya leƙa tukunya, ya ce da zakaran nan ya yi haƙurin minti biyu da yanzu yana raye. Inna ta ce ya zauna ya ci ko ya fita. Ta zuba masa fiffike, ni ta tura mini cinya biyu. Na ɗauki ɗaya, sai na ji hawaye ya taho, na runtse ido don kar su gani.

Inna ta ƙwanƙwasa mini goshi da bayan ludayi, daidai inda goruba ta saba sauka.

"Buɗe idon," ta ce. "Ci, tun da zafi."