Geron da muka sayo a ƙasar Garagumsa

Ana sallame sallar asuba muka tada kamiyo, babbar motar kaya, daga Zinder, ni da direbanmu, sama ta yi nauyi amma ba ta zubo ba. Ni ne ma'ajin wani ƙaramin asibitin mishan a nan Damagaram. Kuɗin da coci-cocin ƙasashen waje ke aikowa ta hannuna suke bi, kuma duk dalar da ta fita sai na kawo resi, takardar shaidar biya. Ni Musulmi ne, haifaffen unguwar Birni, kuma na daɗe da sabawa da tambayar dangi a kan wannan aiki.

Dalilin tafiyar gero ne. Muna da ɗakin yara masu tamowa, kunu ne rabin maganinsu, iyayensu mata kuma mu ke ciyar da su. Ga tsakiyar damina, sito ya kusa ƙarewa, farashin gero a Zinder kuma kullum sai ya ƙara. Aka ce mana a wata kasuwar ƙauye a ƙasar Garagumsa buhu na da sauƙi. Madam, Baturiyar da ke shugabantar asibitin, ta sa hannu, ta ce in cika motar in dawo.

A peyaji, shingen biyan kuɗin hanya, jandarma ya leƙo, ya ga gicciyen da ke jikin ƙofa, bai ko karɓi takardunmu ba, sai ya tambayi maganin ciwon baya. Na ce masa ni kuɗi nake riƙewa, ba allura ba. Ya ce to wannan ma yana maganin ciwon baya. Muka yi dariya muka wuce.

A Tirmini muka tsaya karin kumallo. Shayi da burodi, sai ƙosai da ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san ka ci wani abu. Mai suyar ta ce kada mu zarge ta, mu zargi wake. Daga nan har Takeita gonaki shar, gero ya kai ƙirji, gyaɗa ta rufe ƙasa. Wanda bai san ƙasar ba zai ce ana cikin wadata. Amma a bakin hanya mata ne ke tsinkar tafasa, maza kuma na jan awaki zuwa kasuwa, wasu ma da ciki. Manomi ba ya sayar da akuya mai ciki sai rumbu ya zama fanko.

Da muka sauka daga kwalta hanya ta zama laka. Akwai wata korama da muka ratsa, ruwan bai wuce idon sawu ba. Direba ya dubi gabas ya ce in aka yi ruwa kafin mu dawo, a ƙetare za mu kwana. Waya kuma tun daga nan ta daina kamawa.

Mun iso kasuwar da hantsi. Ƙarama ce, rumfunan kara, layin hatsi bai fi tsawon masallaci ba. Masu sayarwa da tiya suna zaune da 'yan kwanukansu, amma ainihin geron yana ɗakin wani Alhaji, wanda shi ke ba su suna auna wa mutane. Dillali ya kai ni wurinsa. Na zura hannu cikin buhu, gero mai kyau, ba ƙwari ba tsakuwa. Muka taya, muka daidaita a kan kuɗin da ya yi ƙasa da na Zinder nesa ba kusa ba. Na saye kusan duk abin da ke ɗakin, ya rubuta mini resi, raina fes. Har na fara tunanin yadda rahoton zai yi kyau.

Ana cikin lodi na lura hayaniyar kasuwar ta sauya. Masu auna tiya sun ga ɗakin Alhaji na zama wayam, nan take kowa ya ɗaga farashi, wasu ma suka rufe kwanukansu. Mutane suka fara matsowa wajen mota suna kallo. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Nasara sun zo kwashe mana hatsi!" Wani ya ce ƙetare za a kai shi. Kafin in buɗe baki, dutse ya daki gefen kamiyo.

Direba ya yi tsalle ya shiga ya tada inji. Na ga mata da yara a gaban motar, na buga masa ƙofa na ce ya kashe. Ya kashe, amma hannunsa bai bar makulli ba. Masu lodi suka sauke buhun da ke kansu suka ja gefe. Wani ƙaton saurayi ya cafki wuyan rigata.

"Kai ba Musulmi ba ne? Da kai za a haɗa baki a kashe mu da yunwa?"

Na ce masa geron na yara marasa lafiya ne, a Zinder, kuma yaran 'ya'yan Musulmi ne kamar nasa. Ban sani ba ko ya ji. Allah ya kawo sarkin kasuwa, dattijo mai sanda, ya ratso taron ya ce a sake ni. Aka sake ni. Ya tambaye ni ko nawa na saya, na faɗa. Ya dubi ɗakin Alhaji.

Wata tsohuwa ta matso, riƙe da ƙwarya da igiyar akuya, ba akuyar. Ba ta yi ihu ba.

"Ɗana, da safe na sayar da ita don in auni gero. Na je in auna, an ce kuɗin bai kai ba, wai kai ka saye. Ni ma jikoki gare ni a gida. Ko sai sun kwanta in kawo muku su, sannan su sha kunun?"

Na koma wurin Alhaji na roƙe shi ya karɓi rabi ya mayar mini da kuɗi. Ya ce ciniki ya faɗa, kuma ba shi ya kira ni ba. Gaskiyarsa ce. Na ɗaga waya sama ina neman Madam, ko ɗigo ba ta kama ba. Gabas kuma ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga karan rumfuna.

Sarkin kasuwa ya ja ni gefe. "Malam, ba zan iya riƙe mutanen nan har la'asar ba. Ka sauke rabi, a auna musu a kan farashin safe. Rabin ka tafi da shi, ni zan raka ka har bakin gari."

Ba ni da ikon sayar da kayan asibiti. Wanda ya yi haka a aikina, korarsa ake yi, in ma bai kwana a hannun jandarma ba. Kuma kowane buhu da zan sauke na san bakin da aka tanadar wa. Na dubi motar, na dubi mutanen, na ce a sauke.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin kamiyo. Sarkin kasuwa ya sa mutum biyu aunawa, ya hana kowa wuce tiya biyu, ni kuma ina karɓar kuɗi a cikin hulata, tsabar dala-dala da takardun da suka sha gumi. Saurayin da ya shaƙe ni shi ya tsaya yana gyara layi. Tsohuwar ta auni nata, ta ɗora ƙwarya a ka, ta tafi ba ta waiwaye ni ba.

Ɗigon ruwa na farko na sauka muka ja tamfol muka tashi. Kafin mu kai koramar ruwa ya kece. Ta riga ta kawo, jawur, tana jan kara da itace. Direba ya yi addu'arsa, na yi tawa, ya saka giya ya shiga. A tsakiya ƙafar baya ta zame, motar ta karkata har na ji buhuna suna gogar juna. Ya ƙara wuta, ta yi gurnani, ta fita. Daga nan muka lallaba har tayoyi suka hau kwalta.

Mun shigo Zinder daf da magariba. Na je wurin Madam da laka a jikina, na ajiye hular kuɗin a kan teburinta, na faɗa mata komai. Sannan ta tambaya ko an ji wa wani ciwo. Na ce a'a. Ta ce ni zan rubuta wa masu aiko kuɗin bayani, ita kuma za ta sa hannu a ƙasan nawa. Kuɗin da na dawo da su muka sayi gero a Zinder da tsada, bai cike gurbin ba. Kunun yara bai ragu ba, amma tuwon iyayensu sai da aka rage har sabon gero ya fito.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, arahar da nake nema a kan tebur abincin daren wani ne a ƙauye. Yanzu da kaka muke saye, kaɗan-kaɗan, kasuwa-kasuwa, ba kuma da babbar mota ba.

A daren da na dawo, kafin in tafi gida, na bi ta ɗakin yaran. Wata uwa da ke ba ɗanta kunu da cokali ta ji inda na fito, ta ce ai ƙasarsu ce, ta bar manyan yaranta can wurin uwar mijinta. Ta tambaye ni ko akwai hatsi a kasuwa.

Na ce mata akwai, yau dai an auna.