Ranar da Muka Yi wa Tsuntsaye Jawabi

Ko na tsufa na manta sunan makarantarmu, ranar da aka kai mu kallon tsuntsaye ba za ta fita daga kaina ba.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Gashua, yarinyar da ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Malamar kimiyya ta kafa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, ta ce kowa ya rubuto waɗanda ya taɓa gani. Na rubuta zalɓe da dinya da kirinjijiya, na ƙara da gauraka biyu da nake gani a fadamar ƙauyen kakata, ta hanyar Nguru.

Malama ta ɗaga takardata a gaban aji. "Gauraka? Littafi ya ce sun yi ƙaranci. Ke kika fi littafi? Ranar fita ki nuna min, in ba haka ba na cire sunanki."

Ƙungiyar nan kuwa ita kaɗai ce wurin da shiruna yake da amfani.

Sai aka ji wani babban baƙo zai zo daga birni ya raka mu. Shugabar makaranta ta ce ba za a kunyata mu ba. Muka isa bakin ruwa da hantsi cikin fararen hijabai masu ɗaukar ido, muka tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, ga janareta, ga makaɗa. Ruwan cike yake da agwagi har bakin ciyawar kacalla. Ana tayar da janareta suka tashi gaba ɗaya, kamar an yaye mayafi.

Mai gabatarwa ya hura lasifika. "Jama'a, a yi shiru! Tsuntsu ba ya son hayaniya! Na ce a yi shiru!"

Jawabi huɗu aka yi kan muhimmancin tsuntsaye, babu tsuntsu ko ɗaya da ya tsaya saurare. Madubin hangen nesa guda ne, shi ma bin girma yake: baƙo, shugaba, mataimakiyarta. Can baƙo ya hango wata balbela a bayan shanu.

"Kun ga wannan? Daga Turai ta taso."

Aka yi tafi, balbela ta gudu. Wani tsoho mai kwale-kwale da ke gyaran komarsa ta kamun kifi kusa da ni ya ce a hankali, "Ikon Allah. Kullum a kan tsamiyar gidana take kwana, ba ta taɓa gaya min ba."

Ban iya dariya ba. Sunana nake gani ana gogewa.

Da azahar man janareta ya ƙare, aka buɗe kulolin shinkafa da kifi, bakin kowa ya samu aiki. Na zame na koma wajen tsohon.

"Baba, gauraka suna zuwa kuwa?"

"Ba sa zuwa biki, 'yata. Zauna."

Ya miƙo min tsohon buhu na rufe farin hijabina. Muka zauna. Kwaɗi suka dawo da kuka, kirinjijiya suka sauko. Sai ga gauraka nan su biyu suna takowa daga bayan ciyawa, da tukkunsu kamar an soka tsintsiyar zinariya.

Da rarrafe na je na ja gefen zanen Malama. Ta biyo ni da kan kifi a hannu. Tana ganinsu ta buɗe baki za ta ƙwala wa shugaba kira. Ni da ban taɓa haɗa ido da malami ba, na ɗora yatsa a leɓena na harare ta. Ta haɗiye kiran, ta durƙusa cikin taɓo kusa da ni. Mun daɗe a haka.

A mota ta ciro takardata ta yi wa gaurakan da na rubuta alamar daidai. Baƙo kuma ya tafi yana yabon tsuntsuwar Turai.

Tun daga ranar na daina jin kunyar shiruna. Na gane akwai abin da ba ya zuwa don an kafa masa rumfa. Sai ka rufe baki ka zauna ƙasa, sannan ya fito.